Kwaɗo Na Nan, Kuɗi Babu

Jama'a, makon nan shafinmu zai leƙa littattafan Turawa na kisan kai a ɗakin da aka kulle ta ciki: ƙofa da sakata, taga a rufe, ga gawa, babu alamar wanda ya shiga.

Edgar Allan Poe na Amurka ake yawan cewa ya buɗe fagen a 1841. Gaston Leroux na Faransa ya zo da labarin ɗaki mai ruwan ɗorawa a 1907. Masu jin Faransanci, ku neme shi. Amma dabarar da ta tsaya min a rai ta Israel Zangwill ce, a littafinsa na 1892. Mutumin barci kawai yake a ciki. Wanda ya ɓalle ƙofar shi ya yanka shi yana shiga. Wani bawan Allah daban aka kama.

Bara kuɗi suka ɓace a shagona a Kwatano, kwaɗo lafiya lau. Yarona ke riƙe da ɗaya makullin, har na ɗauki waya zan kira mahaifinsa. Sai labarin Zangwill ya faɗo min: kafin ka tambayi wa, tambayi yaushe. Ashe tun la'asar kuɗin suka fita, kafin a kulle. Ni na biya direban kaya, ban rubuta ba!

Da na buga wayar nan, da wane ido zan kalli yaron? Zato zunubi, 'yan uwa. A riƙa rubutawa.