Almakashi a Hannun Hukuma

Masu kira a bar hukuma ta "tsabtace" adabi da zane da kiɗa, muna tunasar da su Jamus ta zamanin Hitila. Ran 10 ga Mayun 1933 ɗalibai suka ƙona littattafai kimanin 20,000 a Balin. A shekarar Goebbels ya kafa majalisar al'adu: wanda ba ya cikinta ba shi da izinin rubutu, zane ko kiɗa, Yahudawa kuwa aka kore su. A 1935 aka haramta kiɗan jaz a rediyo, wai na baƙar fata ne. A 1937 aka baje zane-zane sama da 600 a Munik, aka laƙaba musu "gurɓatacciyar fasaha" domin jama'a su yi musu ba'a.

Biyayya ma ba ta ceci kowa ba. Emil Nolde ɗan jam'iyyar Nazi ne, amma aka ƙwace ayyukansa fiye da 1,000, aka hana shi sana'ar zane a 1941.

Mu da muke tsiraru a inda muke zaune, bai kamata mu tafa wa almakashi ba. Duk ranar da hukuma ta zaɓi "al'adar ƙasa ta gaskiya", da harshen tsiraru da waƙarsu ake fara yanka.