Sanfefa Ba Ta Mayar Da Abin Da Ya Cinye

Malam, ka rubuta cewa in an goge farantan kuloci da sanfefa, tsohon babur zai koma sabo. Wannan shawara asara za ta jawo wa 'yan acaɓa. Farantin faiba da ya siɗe, kaurinsa ne ya tafi, guga kuwa ƙara cinye shi take yi. Na ƙarfen ake gogewa, shi ma sai an kwantar da shi kan gilashi an tabbatar bai lanƙwashe ba.

Sifirin ɗin da suka saki fa? Ko ambatonsu ba ka yi ba.

Mai tsohuwar Jincheng ko CG125 ya sayi sabon faiba, ya jiƙa shi cikin baƙin mai kafin bakanike ya ɗaura. Ya kuma guji man injin mota, santsinsa kan sa kuloci sulɓi a kan hawa.