Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Katikisim Da Shugabannin Mawaƙa Na Dayosis Ɗin Kafanchan

Iyayenmu cikin Ubangiji,

Ina roƙo ne a madadin ƙananan yaranmu. Muna sa su haddar addu'o'i da tsawa, wani lokacin har da bulala a hannu, sai su iya faɗa da baki amma zuciya tana waje. Yaro kuwa, in ya ji matan Zumunta sun buga tulu sun rera sau biyu, ya riƙe waƙar ke nan har tsufansa.

Tun 1963 Majalisar Vatikan ta Biyu ta buɗe wa harsunanmu da kiɗanmu ƙofa a cikin sujada. A wurin addu'a na Taizé a ƙasar Faransa, alal misali, jimla guda ake rerawa a hankali, a yi ta maimaitawa har jiki ya lafa, sannan kowa ya yi shiru. Wannan shirun ne yaranmu ba su sani ba, domin lasifikar cocinmu ba ta hutawa.

Don Allah, a kowane ajin katikisim ku zaɓi aya ɗaya daga Zabura, ku sa mata murya mai sanyi da Hausa ko Tyap ko Jju. A rera, a sassauta ganga, a bar yara su zauna minti biyu da Yesu kafin a fara darasi.

Naku cikin Kristi,
Wani mahaifi