Hawan Sallah Ne, Ba "Durbar" Ba

Cikin shekara biyar kacal, sau uku dokar sarauta tana sauya wa mutumin Rogo alƙibla. A 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe ta. Bayan wata biyu aka dawo da ita da daraja ta biyu, aka bar mata ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo. Ba na nufin shiga shari'ar wa ke da gaskiya a nan. Abin da ya dame ni shi ne halin da hawan sallah ya shiga a tsakanin wannan ja-in-ja, domin hawa shi ne ranar da talaka ke ganin sarautar da idonsa.

Da yake harshe ne sana'ata, bari in fara da sunan. Kalmar "durbar" da 'yan bokonmu suka rungume ba tamu ba ce. Asalinta Farisanci ne, ma'anarta fada, kuma ta iso mana ne ta Indiya, inda Turawan Ingila suka tara sarakuna a Delhi a 1877 da 1903 da 1911 domin su yi mubaya'a ga sarautar Ingila. Irin wannan taron aka shirya wa Yariman Wales a Kano a 1925, da Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. A can baƙo ke zaune a rumfa, sarakunan kuwa su ne abin kallo. Hawan sallah ya girmi wannan nesa ba kusa ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta kakaki da figini da dawakin zage ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A hawa, sarki ne ke fitowa ya kewaya gari jama'arsa su gan shi, hakimai su yi jahi, sannan ya yi jawabi a kan noma da lafiya da zaman lafiya. Idan muka haɗe biyun a suna guda, mun mayar da kanmu baƙi a bikin gidanmu.

Amurkawa sun bi wannan hanya kafin mu. A farkon ƙarni na 20 garuruwansu sun riƙa shirya manyan wasannin tarihi a fili, mutanen gari da kansu ke fitowa. Na birnin St. Louis a 1914 ya tara 'yan wasa kusan 7,000. Kafin a jima abin ya dusashe, kalmar da suke kiransa da ita kuma ta koma kan gasar sarauniyar kyau, irin wadda 'yan kasuwar Atlantic City suka shirya a 1921 don su tsawaita zaman masu yawon shaƙatawa. Sunan ya rayu, ma'anar ta tafi. Mu ma a nan Arewa da wannan ma'ana ta biyu muka san abin, kuma ba mu manta rayukan da aka rasa a Kaduna ba a 2002.

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Abin alfahari ne, to amma a wannan shekarar ce 'yan sanda suka hana hawan Babbar Sallah saboda rikicin sarauta, suka kuma hana na Ƙaramar Sallar 2025. Wanda ya yi asara ba mai riƙe da takardar yabon ba ne. Baduku ne mai ɗinka kayan doki, da maƙerin likkafa da linzami, da mai busa algaita, da ɗan barga da ya yi wata guda yana kiwon doki da dussa da kanwa. Sana'ar da aka yi sallah biyu ko uku ba ta kawo kuɗi ba, ɗa ba zai gaje ta ba.

Tare da sana'ar kalmomin ke tafiya. Na taɓa tambayar ɗalibaina bambancin lifidi da sulke, ajin ya yi tsit, alhali da yawansu na da hotunan hawa cike da waya. Ban ga laifinsu ba sosai. Mu malamansu ba mu rubuta musu ba.

Saboda haka ina kira ga majalisar masarautar Ƙaraye da ta gayyaci masu nazarin Hausa na Jami'ar Bayero su zauna da zagage da maroƙa da dukawan Ƙaraye da Rogo, a naɗi muryoyinsu, a rubuta kirarin kowace sarauta da sunan kowane kayan doki tun masu sanin suna raye. Ƙaramar masarauta ta fi sauƙin wannan aiki, don ba ta da cunkoson jakadu da masu ɗaukar hoto da za a yi wa ado. Majalisar dokokin jiha kuma ta ji tsoron Allah ta bar dokar masarautu ta zauna wuri ɗaya, ko manomin Rogo ya san inda zai dosa da ɗansa a kafaɗa ranar sallah mai zuwa.