SHARHINMU: Yaƙin da Aka Hana da Tambayar da Ba a Yi Ba

  

'Yan'uwa masu karatu ba su manta ba da halin da aka shiga a watan Agustan 2023, lokacin da ƙungiyar ECOWAS, ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, ta yi barazanar kai yaƙi Nijar saboda juyin mulkin 26 ga Yuli. Aka rufe iyaka, aka yanke musu wutar lantarki, fataken Maigatari suka ji a jikinsu. Malamai suka hau mumbari, Majalisar Dattawa ta ƙi yarda a yi amfani da ƙarfin soja, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta tafi Yamai. Alhamdu lillahi, Allah Ya kashe wutar fitinar.

To amma wata 14 kacal kafin wannan aka gama zaɓen fid da gwani na 2022, kuma ba mu ji wanda ya tsare masu neman takara ya tambaye su matsayinsu game da zubar da jinin maƙwabci ba. Dalili a fili yake: jam'iyyar APC wakilai 3 ta ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma, PDP kuwa 1 tak. Ke nan duk jama'ar Ajingi, daga Toranke har Gafasa, mutum 4 ne bakinsu a manyan jam'iyyun biyu.

Ba yabon tsarin Amurka muke yi ba, amma mai hankali yakan ɗauki izina ko daga wanda ba ya ƙauna. A 1968 masu ƙin yaƙin Biyetnam sun gane cewa zanga-zanga a titi ba ta isa ba, sai suka mara wa Sanata Eugene McCarthy baya a cikin jam'iyyar Dimokurat. Ya samu kashi 42 cikin 100 a jihar New Hampshire, kuma ranar 31 ga Maris Shugaba Lyndon Johnson ya janye daga takara. Duk da haka jiga-jigan jam'iyya suka miƙa tuta ga mataimakinsa, Hubert Humphrey, wanda bai shiga zaɓen fid da gwani ba. Masu ƙin yaƙin ba su yi fushi sun tafi ba. Suka zauna har aka sauya dokar zaɓen wakilai, ƙuri'ar talakan jam'iyya ta yi nauyi. A 1972 ɗan takararsu George McGovern ya karɓi tutar, sai dai ya sha kaye a jihohi 49 cikin 50, domin magana ɗaya ba ta ɗaukar ƙasa.

Irin wannan hanya 'yan'uwanmu Musulmi da Larabawan Michigan suka bi a Fabrairun 2024 saboda Gaza, inda fiye da mutum 100,000 suka jefa ƙuri'ar "ba mu zaɓi kowa ba". Jam'iyyar ta hana Bafalasɗine hawa dandalin babban taronta, sannan ta rasa jihar a watan Nuwamba.

Nasiharmu ga 'yan'uwa masu katin jam'iyya a Toranke da Gaya da kewaye ita ce, kada su jira sai tuta ta fita. Tun daga taron mazaɓa, wanda da yawanmu ke rainawa su bar wa 'yan jagaliya, za a fara. Duk wanda ya zo neman goyon baya ga uban gidansa, a tambaye shi a gaban shaidu: shin gwaninku zai mutunta sashe na 5 na tsarin mulki, wanda ya hana shugaban ƙasa ƙaddamar da yaƙi ba da yardar majalisa ba? Kuma me zai yi don kada a maimaita abin da ya faru a Tudun Biri a Disambar 2023, inda jirgin soja ya hallaka fararen hula? A rubuta amsarsa, a ajiye.