Makulli a jikin ƙofa: a daina ɗora wa yaranmu SSH a kwamfutar gayya

Bara wani mai horarwa ya zo daga Yamai ya koya mana Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don adana rubutun manhajoji da bin sawun duk wanda ya taɓa su. Ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Amma ya bar mana wata shawara da nake ganin kuskure ce: wai kowa ya shiga rumbun GitHub ta SSH, don haka ƙwararru suke yi.

Ƙwararren da yake magana a kai yana da kwamfutarsa shi kaɗai. Mu a Damana, kamar sauran makarantun yankinmu, kwamfuta ɗaya ce ɗalibai ke layi a kanta. SSH kuwa da makulli biyu take aiki: na fili da ake kai wa GitHub, da na sirri da ke zaune cikin na'ura. Idan aka ajiye na sirrin a kwamfutar aji ba tare da kalmar tsaro ba, kamar yadda aka yi mana don yara su huta da mantuwa, duk wanda ya zauna a kujerar nan ya zama mai asusun. Zai iya goge aikin wata uku, kuma sunan malami ne zai fito. Wannan ai barin makulli ne a jikin ƙofar rumbu.

Za a ce mini SSH ta fi tsaro. HTTPS ma tana ɓoye saƙo a hanya, kuma don sauko da manhajar da aka buɗe wa kowa ba ta neman asusu ko kalmar sirri. Abin da yaranmu ke bukata ke nan a yawancin darussa: su sauko, su karanta, su gwada. Tana bi ta ƙofa 443, wadda shafukan intanet ke bi, alhali ƙofa 22 ta SSH wasu rezo kan rufe ta. Tsohuwar hanyar git:// kuwa a manta da ita. Ba ta ɓoye komai, GitHub ta rufe ta a 2022.

Sai maganar turawa. Tun 13 ga Agusta 2021 GitHub ba ta karɓar kalmar sirri wajen tura aiki, sai makullin SSH ko lambar izini ta musamman. To, wannan nauyi na malami ne. Ya riƙe makullinsa a na'urarsa, da kalmar tsaro, ya tattara aikin yara ya tura sau ɗaya.

Akwai kuma aljihun iyaye. Yara talatin su sauko da rumbu ɗaya, kowa da forfe ɗinsa, asara ce. Git na da umarnin bundle, mai naɗe rumbu duka cikin fayil guda. Malami ya sauko sau ɗaya inda rezo ke da ƙarfi, ko a Filinge ran kasuwa, ya raba ta memori. Ranar da rezo ya ɗauke, darasi ba ya tsayawa.

Iyaye, idan ɗanku ya zo neman kuɗin forfe don darasin kwamfuta, ku tambayi malaminsa me ya hana a sauko sau ɗaya. Malamai ƴan uwana, ku duba kwamfutar ajinku yau: makullin wa ke ciki?