Convulse Ba Rawar Jikin Masoya Ba Ce

Kwanan baya wata ƙanwata marubuciya ta kawo mini rubutunta in duba mata kafin ta sake shi. Ina cikin karatu sai na iso inda saurayi ya kalli budurwa, wai nan take jikinta ya hau "convulsing" don tsabar so. Na ajiye takardun na tambaye ta, shin yarinyar nan asibiti za a kai ta ko ɗakin miji? Ta ce ai haka kowa ke rubutawa yanzu. To, wannan "kowa" ɗin ne na fito in yi faɗa da shi yau.

Jama'a, idan har sai mun ari Turanci, to mu san abin da muka aro. Kalmar convulse daga Latin ta samo asali, daga convellere, wato a fizge abu ko a tumɓuke shi da ƙarfin tsiya. Ma'anarta ta farko ita ce naman jiki ya riƙa ɗaurewa yana fizga da kansa, mai jikin ba shi da ikon tsayar da shi. Mu jijjiga muke ce mata, ko taune-taune, irin wadda ake gani ga mai farfaɗiya. Daga nan Bature ya faɗaɗa ta. Yakan yi amfani da ita ga wanda dariya ta ci ƙarfinsa har yana riƙe ciki, ko ga ƙasar da fitina ta hargitsa, kamar yadda yaƙin basasa ya yi wa Nijeriya daga 1967 zuwa 1970. Ko'ina ka same ta, akwai ƙarfi da rashin iko a ciki. Wanda sanyi ya kama shiver yake yi, mai tsoro ko kunya kuma tremble. Ina ruwan kallon saurayi da jijjiga?

Abin takaicin shi ne ba talauci ne ya kai mu aro ba. Muna da karkarwa, makyarkyata, ɓari, tsuma, rawar ɗari, girgiza, kowace da gurbinta. Tsuma daban, ta mai fushi ko mai ɗoki ce. Makyarkyata daban, ta mai zazzaɓi ce. Amma marubuci ya tsallake duk wannan arziki ya ɗauko kalmar da bai buɗe ƙamus ya duba ba, don dai a ce ya je boko.

Wani zai ce ai labari ne kawai, me ya yi zafi? Ga abin da ya yi zafi. Dubban 'yan mata daga littattafanmu suke tsintar Turancin da suke riƙewa. Gobe su ne a layin awon ciki, malamar asibiti tana gargaɗi da Turanci gauraye da Hausa cewa a kula da convulsion. Wadda muka koya wa cewa ɗan rawar jiki ne mai daɗi, da wane kunne za ta saurara? Alhali jijjigar masu ciki, wadda ke tafe da hawan jini bayan mako 20, tana kashe uwa da ɗa idan ba a hanzarta zuwa asibiti ba. Haka yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5, zazzaɓi mai zafi kan jefa su cikin jijjiga. A nan ana kwantar da yaro ta gefensa ne, ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa komai, sannan a nufi asibiti.

Ban ce a daina aron kalma ba. Hausa ta ari mota da tebur da makaniki, ba ta mutu ba. Abin da na ƙi shi ne aro cikin jahilci, sannan a raba wa masu karatu. Ƙanwata dai ta goge, ta rubuta cewa jikin budurwar ya ɗauki ɓari, kuma wallahi shafin ya fi daɗi. Saura ku, 'yan'uwana marubuta. Allah ya sa mu gyara.